Hannun Sammani

Muttaka na Ƙofar Sauri ba karatun wasa ya yi ba. Injiniya ne, ya ƙware kan tace hayaƙin manyan tashoshin wutar lantarki, yadda za a kame gubar zaiba kafin ta shiga hancin jama'a. Ya dawo Katsina da takardunsa, ya yi ta yawon neman aiki har takalminsa ya cinye. Da ya gaji sai ya buɗe rumfar walda.

Ashe zaibar tana gidansu tana jiransa. Yayansa Sammani, wanda ya ɗauki nauyin karatun nasa, shi ke ƙona zinare a shagon Alhaji Sagir, bayan Babbar Kasuwa. Masu haƙa su kawo zinare cuɗe da zaiba, ruwan ƙarfen nan da ke kama zinare, Sammani ya ɗora a cokali ya sa wuta, zaibar ta tashi ta bar zinaren. Ina take zuwa? Ƙirjinsa mana! Har hannunsa ya fara rawa, shayi ma a riga yake ƙarewa.

Hankalin Muttaka ya tashi. Ya ƙera 'yar tukunyar ƙarfe mai murfi da bututu, yadda tururin zai bi ya faɗa cikin ruwa, ya kai ta shagon da kansa.

Wani mai haƙa ya harari murfin. "Mi? A rufe mani zinare in daina ganinshi? Wallahi sai dai in canza shago!"

Al'adarsu ke nan, a gaban idon mai shi ake ƙonawa, kada a yi masa ƙwange.

"Alhaji, don Allah ku dubi hannun Yaya," in ji Muttaka.

"Tsufa ne, Injiniya. Aje ta nan, ma duba."

Tsufa! Mutumin da ko furfura bai fara ba!

Muttaka ya haɗiye takaici, ya shiga neman gilashi mai jure wuta don ya yi murfin da ake gani ta ciki. Bai samu ba tukuna hannun Sammani ya kifar da cokali, zinaren mutane ya watse a ƙasa. Alhaji ko kunya babu, ya sallame shi, washegari ya ɗauki wani. Tukunyar kuwa, da ita ake tokare ƙofar shagon.

Yanzu kullum kafin Muttaka ya fita rumfa, sai ya zauna ya ba yayansa koko a baki.

"Bar ni in gwada yau," in ji Sammani.

Muttaka ya miƙa masa ludayin, ya kau da kai don kada ya gani.