Suna Yabona da Kunyar Ɗan Fari, Ni Kuwa Tsoro Nake Ji

Lokacin da aka haifa mini ɗana na fari, ni ƙaramin ma'aikaci ne a Dutse, ina zaune a Takur, mutum mai surutu da son wasa da yaran maƙwabta. Mu Fulani ne daga wajen Aujara, kuma a gidanmu uba ba ya ɗaukar ɗan fari a gaban mutane, ba ya ma kiran sunansa. Wannan al'ada ce ta ɓoye ciwona har ya kusa jawo mini asara.

Tun ranar da aka miƙo mini jaririn in yi masa huɗuba tsoro ya shige ni. Zuciyata ta yi ta raya mini cewa zan sake shi ya faɗi. Daga nan abinci ya fita raina, barci ya ƙaurace mini, a ofis sai in zauna ina kallon bango. Bayan matata ta dawo daga wankan gida abin ya ƙaru. In na taso aiki nakan bar mai adaidaita ya wuce layinmu da ni, don kawai kada in ji kukan yaron. Da goggona ta zo ta ga ko inda yake ba na kallo, sai ta yi ta sa mini albarka, wai birni bai ɓata ni ba. Na yi mata murmushi, alhali tsoro ne ya hana ni kallonsa.

Wata Asabar da hantsi matata ta shiga wanka ta bar yaron a kan gado, ina tsaye a bakin ƙofa. Sai ya yi tumbuɗi ya ƙware. Ina kallon fuskarsa tana sauya launi, bakinsa a buɗe babu sauti, amma ƙafata ta ƙi ɗaguwa. Abin da ke raina kawai shi ne in na taɓa shi zan ƙarasa shi. Ko kiranta na kasa. Allah ne ya dawo da ita ɗaukar sabulu, ta sure shi, ta kifa shi a hannunta tana bubbuga bayansa har ya tsala kuka.

Ba ta yi mini faɗa ba. Ta dube ni ta ce ai kunya a gaban mutane ake yin ta, to kunyar wa nake ji a ɗakin da babu kowa? A nan na zube ƙasa ina kuka, na faɗa mata komai. Ita ta raka ni asibiti, likita ya ce ciwon damuwa ne na bayan haihuwa, kuma maza ma yana kama su.

Alhamdulillahi na samu sauƙi, yanzu a kafaɗata yaron yake barci, amma har yau in ya yi tari sai gabana ya faɗi. 'Yan'uwana maza, wanda ya ji irin wannan ya faɗa tun da wuri, ba gazawa ba ce. Ku kuma dangi, in kun ga sabon uba yana gudun ɗansa, kada ku yi saurin yabonsa. Ku tambayi matarsa ko yana ɗaukar yaron in kun tafi.