Ranar da Giya Ta Ƙi Kumfa a Kofunan Maman Hanif

Duk cikin shekarun da na yi ina aikin otal da koyarwa, akwai wata Asabar a Kuala Lumpur da ba na jin zan taɓa mantawa da ita. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci, kuma rabin haushin kaina nake ji. Sunana Bulus, mutumin Kagoro ne ni. Na daɗe ina aiki a mashayar wani otal a Kaduna kafin na samu tallafin ƙaro karatu a Malesiya. A can, kwalejin da nake ta ɗauke ni mataimakin malami a sashen koyar da aikin otal.

Ga wanda bai san tsarin ba, mataimakin malami shi ne ƙasa da kowa. A samansa akwai malamai, a samansu shugaban sashe, wanda a lokacinmu Farfesa Tan ne, wani Basine mai ƙarancin magana. Kwantiragin mataimaki na zangon karatu ɗaya ne, in an ga dama a sabunta. Ajin abin sha kashi biyu ne. Ɗalibai Musulmi suna koyon shayi da kofi da haɗa lemo, waɗanda ba Musulmi ba su ƙara da giya. Wannan kashi na biyun shi ne nawa, kuma ina ji da shi, don a duk sashen ba wanda ya kai ni hannu.

A ƙarshen wani zango, lokacin da ruwan sama ke sauka kowace la'asar, kwalejin ta gayyato wani dattijo Bajamushe, Mista Klaus, ya duba yadda muke koyarwa ya rubuta rahoto. Ranar Alhamis Farfesa ya kira ni ofis.

"Bulus, jibi Asabar Mista Klaus zai ci abincin rana a gidana a Cheras. Mutumin nan da giya aka raine shi. Kai za ka zuba. In ya gamsu, ajin naka ne zango mai zuwa. Boleh?"

Na ce, "Boleh, Farfesa." Wato zan iya.

Zuba giya ba abu ne mai wuya ba, amma yana da ƙa'ida. Kwalba ta yi sanyi ba ta daskare ba. Kofi dogo ne na gilashi, wanda ba maiƙo ko ɗigo a jikinsa, don maiƙo shi ke kashe kumfa. Kafin ka zuba sai ka ɗauraye shi da ruwan sanyi, ka kai hanci ka shinshina. Daga nan ka karkata kofin, ka bar giyar ta bi gefensa a hankali, in ta wuce rabi ka miƙe shi, ka zuba a tsakiya har kumfa ta tashi kamar kaurin yatsa biyu. Ba a sa ƙanƙara a ciki. Wannan na ƙarshen na gaji da faɗarsa, don mutanen ƙasar ko me ka ba su sai sun nemi ƙanƙara.

Matsalar ta fara daga kofuna. Gidan Farfesa ba su da irinsu, sai manyan kofunan tangaran na shan shayi. Sai an ɗauko daga siton kwaleji, kuma fitar da kaya daga sito sai da fom mai sa hannun mutum biyu. Na samu na Farfesa ranar Alhamis ɗin. Na biyun, jami'ar kula da kaya, tana taro har aka tashi. Ranar Juma'a na yi ta zarya tsakanin hawa na biyu da na biyar har na same ta dab da azahar. Ina isa sito na tarar da kwaɗo. Mai siton ya tafi masallaci, daga can ya wuce ƙauyensu, wai Litinin hutu ne. Ban taɓa ganin ƙasa mai yawan hutu irin wannan ba. Na tsaya da fom a hannu ina kallon kofunan ta taga, jere reras, ba halin taɓawa.

Da na yi hankali, da na wuce kasuwa na sayi shida. Amma na gaji, ga ruwa ya tsuge, ga taurin kai: me zai sa in sayi abin da kwaleji ke da shi fiye da ɗari? A cikin jirgin ƙasa ina komawa unguwarmu Pantai Dalam na tuna da maƙwabtana.

Ƙofarmu na kallon juna da Malam Sabi'u, wani ɗan Katsina mai karatun digiri na uku, da matarsa Maman Hanif, 'yar Nguru. Tun zuwana mutanen nan suka ɗauke ni ɗan gida. Iyalina suna Najeriya, saboda haka tuwon da na ci a ƙasar nan kusan duka daga tukunyarta ya fito. A falonsu akwai wani ɗan kabet mai gilashi, a ciki dogayen kofuna shida masu bakin zinariya, cikin kayan aurenta ne, ta ɗauko su tun daga gida a naɗe cikin zannuwa. Na sha ganinsu, kuma idon ma'aikaci ya daɗe da gaya mini cewa tsayinsu daidai ne.

Na yi sallama, ta fito bakin ƙofa.

"Malam Bulus, lafiya? Ka jiƙe sharkaf."

"Lafiya lau, Maman Hanif. Aro na zo. Shugabanmu ne zai yi babban baƙo gobe, Bature, ba mu da kofunan kirki."

"Ai ba komai. Lemo za ku ba shi?"

Na ce, "Abin sha dai."

Kun ji inda na faɗi. Na san abin da take tambaya, na kuma san da na ce giya ce ba za ta bayar ba. Sai na raba ƙafa, na ce wa raina ai zan wanke su tas, ba wanda zai sani. Ta ce in bari sai da safe ta shirya su.

Da safe Malam Sabi'u ya miƙo mini kwali, an naɗe kowane kofi da jarida, an like saman da salatif. Ya ce, "Ta ce ka gaida baƙon, kada ka ba mu kunya." Muka yi dariya.

Motar hayar da na kira ta makara, sannan muka maƙale a cunkoso. Ƙarfe ɗaya saura 'yan mintoci na isa, Mista Klaus har ya zauna. Matar Farfesa ta tare ni a kicin da bokitin ƙanƙara.

"Ga ice, a sa masa da yawa, ana zafi."

"Madam, don Allah a mayar. Ba a sawa."

"Mijina kullum da ita yake sha."

"Yau dai a yi haƙuri."

Sai da muka yi wannan jan har sau uku. Ina fama da ita ina warware jarida. Na ji wani ƙamshi, amma a lungun falon akwai ɗan wurin ibadarsu inda suke kunna tsinken turare, sai na ɗauka daga can ne. Kuma hancina ya riga ya saba, don barandar gidanmu kullum haka take ƙamshi. Na ɗaga kofi ɗaya wajen haske na ga yana walƙiya. Farfesa ya leƙo ya nuna mini agogo. Ban ɗauraye ba, ban shinshina ba, na jera su a tire na fita.

Na buɗe kwalbar a gaban baƙo kamar yadda aka saba. Na karkata kofi, na zuba, na miƙe shi. Zubi ne wanda da ɗalibaina suna wurin da sun tafa. Kumfa ta taso, ina kallo ta lafa, kafin in ajiye kofin ta ɓace. Giya ta kwanta shiru kamar ruwan bunu. Na ce a raina kwalbar ce. Na buɗe ta biyu a wani kofin, ita ma haka. Gumi ya fara bin bayana.

Mista Klaus ya ɗauki kofin, ya kai baki, ya tsaya. Ya shinshina, ya kurɓa kaɗan, ya riƙe a baki kamar mai tunanin inda zai tofar. Da ƙyar ya haɗiye.

"Wannan wace irin giya ce? Tana ƙamshin coci."

Na ɗauki kofin da ba a zuba komai ba na kai hanci, nan take na gane. Mutanen Nguru da Barno in za su karrama baƙo, sukan kifa kofi a kan kaskon turaren wuta, hayaƙin ya kama shi, yadda in an zuba ruwan sanyi zai riƙa ƙamshi. Haka suke yi wa randa ma. Na sha ruwa a gidan ba sau ɗaya ba, na yaba. Maman Hanif ta ji an ce babban baƙo, ta zauna ta turara kofuna shida ɗaya bayan ɗaya da turarenta mai tsada, wanda aka jiƙa da mai. Wannan siririn maiƙon da hayaƙi ya bari shi ya cinye mini kumfa.

Na kwashe su na koma kicin, na wanke da sabulu da ruwan zafi har sau uku. Kumfa ta dawo kaɗan, ƙamshin ya ce yana nan. Turaren matan Barno in ya kama zane sai ya yi wanki biyar bai fita ba, balle kofi. A ƙarshe Mista Klaus, cikin ladabi, ya ce a ba shi a kofin shayi. Na tsaya ina kallon Bajamushe yana shan giya a kofin tangaran mai hoton kifi, matar Farfesa kuma ta lallaɓo ta jefa wa mijinta ƙanƙara biyu tana hararata. Ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige.

Ranar Lahadi na mayar da kwalin. A hanya na shirya cewa an gode kawai in wuce, amma tana buɗe ƙofa ta tambaye ni da fara'a, "Ya baƙon? Ya ji ƙamshin?" Sai na kasa. Na gaya musu komai, ita da Malam Sabi'u. Shi ya sunkuyar da kai. Ita ta daɗe tana kallon kwalin.

"Malam Bulus, ai na tambaye ka."

"Kin tambaya."

"Tun asuba na hura gawayi. Ina turarawa ina cewa Allah ya sa a yaba maka." Muryarta ba ta tashi ba, da ma ta tashi da ya fi mini sauƙi. "Ka tafi da su. Innata ce ta saya mini, amma ba zan iya ba yarana ruwa a ciki ba."

Malam Sabi'u ya ce ai in an wanke sun tsarkaka. Ta ce ta sani, zuciyarta ce ba za ta karɓa ba.

Ranar Talata Farfesa ya kira ni. Na shiga da jawabina a shirye: fom, taro, mai sito, hutu, ruwan sama. Ya saurara har na gama. Ya ce Mista Klaus bai rubuta wani mugun abu ba, ya ma ce hannuna ya iya zubi, ya kuma yi dariyar abin a hanyar filin jirgi. Na fara sakin numfashi. Sai ya tambaye ni inda na samo kofunan, da dalilin turaren. Na faɗa masa gaskiya.

"Matar Musulma ce?"

"E."

"Ta san giya za a zuba?"

Na ce, "A'a." Ya cire tabarau ya ajiye. Ban taɓa ganin ransa ya ɓaci haka ba.

"A sitonmu kofunan giya kantarsu daban, wurin wankinsu daban, har soson wanki daban. Ka san dalili. Rabin ɗalibanmu Musulmi ne, iyayensu sun yarda da mu cewa ba za mu haɗa ba. Kai aka damƙa wa amanar wannan kantar. Yau ka gaji, ka makara, ka ɗauki kofin Musulma ka zuba giya ka ce ba wanda zai sani. Gobe in ka gaji a aji fa?"

Na ce, "Farfesa, sau ɗaya ne."

"Kumfa zan iya yafewa, Bulus. Wannan ba zan iya ba."

An sabunta mini kwantiragi, amma ajin abin sha ya koma hannun wata malama. Ni aka tura ni sashen gyaran ɗaki, na ƙare zamana a ƙasar ina koya wa yara shimfiɗa zanin gado da naɗe tawul. Na yi fushi sosai a lokacin. Na zagi fom, na zagi hutun ƙasar, na ji haushin turaren wuta har na wata guda. Amma duk inda na kai laifin sai ya dawo bakin ƙofar nan da aka yi mini tambaya na kauce.

Ku da kuke shigowa aikin yanzu, karkata kofi da miƙe shi a mako ɗaya za ku iya. Abin da ya fi wuya shi ne ku tuna cewa a sana'armu mutum yana kai abu bakinsa ba tare da ya ga inda ya fito ba, don ya yarda da wanda ya miƙo masa. Wanda ya ba ku aron kofi ma yarda ya yi. Ni na ci amanar biyun a lokaci ɗaya, da kalma uku. Maman Hanif ba ta daina aiko mini da tuwo ba har ranar da na bar Malesiya, amma ba ta sake tambayata komai game da aikina ba.