Batirin Kawu

Har yau in na ga batirin tarakta sai raina ya ɓaci, kuma kawuna ne sila.

Bayan Kudu ta ɓalle ta zama ƙasa mai kanta, ina gyaran rediyo da waya a kasuwar Gadarif. Kawu kuwa ya samu fili a Simsim ya shuka riɗi, can inda ba lantarki, kuma da damina laka ke rufe hanya. Shi riɗi ba ya jira. In ya nuna ba a yanke ba, cikin 'yan kwanaki sai kwanson ya fashe, ya zube ƙasa. Don haka dole wayarsa ta kasance da caji ranar da zai kira motar masu yanka.

Na haɗa masa faifan sola mai faɗin tafin hannu biyu, na sa ɗan batiri irin na waya, na ce a ajiye shi a inuwa. Ya juya shi kamar an ba shi ƙwallon dabino, ya ce raini ne. Wai yana da tsohon batirin tarakta, shi zan sa. Na bayyana masa cewa faifan nan ɗigo yake bayarwa, tsohon batiri kuma yoyo yake ko ba a taɓa shi ba, kamar cika randa mai huji da cokali. Ya ce tun ban san hannun dama ba yake tuƙa tarakta. Na ce Kawu, ku yi haƙuri, tuƙi daban, wannan daban. Wallahi har gumi na yi.

"Ɗan nan, babba babba ne. Kalas, magana ta ƙare," in ji shi.

To, wa ya isa ya ja da kawunsa a tsakiyar kasuwa? Na ɗaura masa, ina ƙunƙuni, na jefa ƙaramin a aljihun tebur.

Hadari ya yi ta rufe rana. Ranar da riɗi ya nuna, waya ta ƙi tashi. Kawu ya taka da ƙafa cikin laka neman mai waya, kafin mota ta iso an yi kwana biyar.

Da kaka ya zo shagon. Na shirya masa magana cike da baki, na ma yi ta maimaita ta a zuci. Sai ya kwance bakin rawaninsa ya zuba min riɗi a kan tebur, rabinsa baƙar ƙasa, irin wanda aka share da tsintsiya.

"Ƙaramin nan," ya ce, bai dube ni ba, "yana nan?"