Neman Riga Mai Hula a Birnin Kano

Tun da aka fara rubuta tarihi, abu uku ne ke fitar da magidanci daga gidansa da asussuba: yaƙi, fatauci da neman ilimi. Ni Allah ya ƙaddara min na huɗu, wato neman riga mai hula a wuya.

Autana Nura ya shekara biyu yana riƙe min gona, ko tsaki ban taɓa jin ya yi ba. Bana ya samu gurbi a kwaleji. Murna ta ɗebe ni, na ce a gaban mahaifiyarsa ya faɗi abin da yake so. Na zaci ƙamus zai ce. Sai ya tura min hoton wata baƙar riga burmemiya, hula manne a wuyanta, an ratsa ƙirjinta da saƙi fari da shuɗi. Wai sunanta hudi. Litinin zai tafi, ga shi muna Juma'a. Shekara talatin da biyar na yi ina gaya wa 'ya'yan mutane cewa alkawari kaya ne. To, ga kayan a kaina.

Daga gida zuwa Tsanyawa

Na fita ranar Asabar, ƙarfe biyar da rabi. Maƙwabcina Sale tela, ɗan limaminmu kuma tsohon ɗalibina, har ya fara aiki, keke na ta ƙara daga ƙuryar shagonsa, inda ba ya barin kowa ya shiga. Ya leƙo.

"Malam, ina aka nufa da duku-duku?"

"Birni. Wata 'yar lalura ce."

Tsohon hedimasta ba ya gaya wa maƙwabta cewa kayan 'yan gayu zai je nema. Ɗan acaba ya kai ni tasha a minti ashirin, kilomita shida tsakanin gero da gyaɗa.

Tsanyawa zuwa Kano

Bas ta cika bakwai saura minti goma. Bayan Bici muka tarar da shinge, aka leƙa mu, aka ce Allah ya kiyaye. Da yake gaba na zauna, na nuna wa direba hoton a ɓoye, ko ya san inda ake sayarwa. Ya dubi waya, ya dubi furfurata.

"Baba, kai za ka sa? In haka ne ka bari in ɗauko ka a dawowa, kyauta."

Muka sauka Ƙofar Ruwa tara saura kwata. Na karya da koko da ƙosai a tsaye.

Ƙofar Wambai

Na fara da 'yan gwanjo, don a nan talaka ke fara komai. Wani mai tuli ya zaƙulo min hudi har bakwai, kowace da rubutun Turanci a ƙirji. Na karanta ɗaya, na mayar masa da yatsu biyu. Da ɗalibi ne ya rubuta min haka a allo, da sai ya zo da ubansa. Mai tulin ya kalli hoton ya girgiza kai.

"Wannan ba ta faɗowa dila, Baba. Ta 'yan butik ce. Nufi titin Gidan Zu."

Butik

Adaidaita sahu ta sauke ni sha ɗaya da minti goma. Kanti ne na gilashi, sanyi kamar cikin randa, gumaka marasa kai tsaye a jere. Abin da na fara taɓawa wando ne, gwiwoyinsa biyu a yage, zare na reto. Naira dubu talatin da takwas. Na cire tabarau na goge, kuɗin bai ragu ba.

Mai kantin, wata matashiya mai fara'a, ta matso. "Dadi, me za a ba ka?"

"'Yata, wa ya yaga wannan?"

"Kamfani."

"Wanda bai yage ba fa?"

"Ya fi araha."

Na nemi kujera. Daga inda na zauna ina hango takalmi ƙafa ɗaya a kan katako, an haska masa fitila shi kaɗai. Ban tambayi kuɗinsa ba, ina da hawan jini.

Ta ga hoton ta ce, "Ai ta ƙare. Ashirin kawai suke saki, kafin awa guda an wawashe."

"Me ya hana su ɗinka ɗari biyu?"

"Sai ta daina tsada mana, Dadi."

Na karanta littattafan tattalin arziki daidai gwargwado, ban taɓa cin karo da babin nan ba. Na gaya mata maganar Nura da Litinin. Ta tausaya, ta shiga shafin masu rigar a wayarta, ta ce saura ɗaya tal. Dubu arba'in da biyar, kuɗin kawowa dubu huɗu. Na tambayi inda kamfanin yake. Ta ce ba sa faɗa, ita dai tana jin Legas ne, ko Turkiyya.

Na kwance kuɗin gyaɗata na ba ta, ta tura wa mutumin da ba mu san fuskarsa ba, ta rubuta sunana da na ƙauyenmu. Muka jira minti biyar cur. Sannan amsa ta shigo: yau za ta iso.

"Ikon Allah," in ji ta. "Mu nan sai mu yi mako muna jira."

Komawa

Na yi azahar, na ci shinkafa da wake ban ji ɗanɗanonsu ba. Tun daga Dawanau har Tsanyawa abu ɗaya nake juyawa: babu jirgin da ke sauka a gonar gero. An damfare ni, kuma da hannuna na miƙa. Na shirya jawabin da zan yi wa Nura har kashi uku, babu wanda ya yi daɗi.

Shida da minti goma na shiga zaure. Sale na tsugune, leda a hannu, idonsa a ƙasa.

"Malam, ga saƙonka."

Na buɗe. Ita ce, har saƙin, wanda yanzu na gane na Malam Audu masaƙin bayan masallaci ne.

"Sale, kai ne Turkiyya?"

"Ni ne, Malam. In suka san a ƙauye ake ɗinkawa ba za su saya ba. In mutanen gari suka sani kuma, za a ce ɗan liman na ɗinka wa 'yan iska kaya. Da ka gaya min da safe..."

"Da ka gaya min tun bara."

Nura ya sa ta a tsakar gida, hannun rigar ya haɗiye yatsunsa. Mahaifiyarsa ta ce a rage, ya ce haka ake yayi. Ya durƙusa ya yi godiya, na ce ya tashi kar ya ɓata gwiwar wando, don na ga abin da ake yi da su a birni.

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya, ya kuma sauke min alkawari. Na gode wa direba da mai kanti. Da safe na auna: daga ƙofar gidana zuwa shagon Sale taku arba'in da biyu ne.