Kafintan da ya je sayen mota da guntun katako

A danginmu kaf babu wanda ya kai kafinta rashin iya ciniki. Tun yana yaro, in mai kaya ya faɗi kuɗi sai ya ce, “Yadda ka ce.” Sunan ya bi shi har ya yi furfura. Ko allura Yadda-Ka-Ce ya je saye, sai mai shagon ya sake rufin gidansa da ribar.

Shekara talatin yana shan ƙurar katako yana tari, har ya haɗa kuɗin sabuwar mota. Ba don gayu ba. Inna ce, mahaifiyarsa, gwiwa ta hana ta hawa bas, shekara biyu ba ta ga ƙanwarta da ke kwance a wani gari ba. Duk motar da aka aro, ƙafarta ba ta kai dokin ƙofar.

Da dangi suka ji zai je shi kaɗai, matarsa ta ce, “Shi ke nan, za su sayar masa da taya huɗu su ce sauran na hanya.”

Shi dai sai ya durƙusa gaban Inna ya ce ta ɗaga ƙafa iya ƙarfinta, ya auna, ya yanke guntun katako daidai tsayin.

A wurin sayar da motoci, dillali ya tarbe shi da murmushi har kunne.

“Ranka ya daɗe, wannan babbar ita ce daidai kai. Taɓa kujerar ka ji.”

Yadda-Ka-Ce ya buɗe ƙofa, ya tsayar da katakonsa a ƙasa, ya girgiza kai. Haka ya bi mota tara. Ta goma wata gajera ce a lungu, ruwan ƙasa, samfurin bara, kowa ya ƙi ta. Katako ya kai dokin ƙofar, har da rarar yatsa biyu. Ya daɗe yana kallo, sannan ya fita ba ko sallama, don ya tuna da safe ya auna Inna, gwiwar kuwa ta fi sagewa da yamma.

Dillali ya kwana yana tambayar kansa wace irin na'ura ce wannan.

Washegari ga shi ya dawo, katakon ya ragu da yatsa biyu. Ya sake gwadawa, ya zo daidai babu rara, ya tsaya yana sosa gemu, yana tunanin ko tabarmar roba za ta ƙara tudu.

“Malam, faɗa min gaskiya, me ka gano a jikinta?”

“Yatsa biyu.”

Dillali bai san yatsa biyun me ba, amma gumi ya keto masa. “To, na rage maka kashi ɗaya cikin goma.”

Yadda-Ka-Ce ya buɗe baki zai faɗi abin da ya saba, ƙurar katakon shekara talatin ta sarƙe shi, ya kama tari, ya nufi ƙofa neman iska. Dillali ya biyo shi da gudu.

“Haba maigida, a tsaya mana! Gyaran shekara guda kyauta. Da tabarmar roba!”

“Ban da tabarma,” in ji shi, da ƙyar.

“To na cire kuɗinta!”

Sai a nan ya samu numfashi. “Yadda ka ce.”

Da yamma ya tsayar da motar a ƙofar gida, dangi sun yi cincirindo. Inna ta fito tana dafa bango, ta ƙare wa motar kallo.

“Kai yanzu duk launin duniya ka rasa sai na ƙasa?”

“Shiga dai, Inna.”

Ya miƙa hannu zai tallafe ta, ta buge hannun. Ta ɗaga ƙafa, ƙafar ta wuce dokin ƙofa, ta zauna, ta gyara mayafinta.

“Tsayuwar me kake yi kuma? Ƙanwata na jira.”

Matarsa ta ce daga yau shi zai riƙa zuwa cefane. Ya je sau ɗaya da katakonsa, ya dawo da albasa uku a kuɗin buhu.