Hannun Bappa Hammadu da Takardar Likita

Ku da kuka zauna da Bappa Hammadu a unguwar Majidaɗi kun sani, ko gini ne ya faɗo masa, ka ce "Yaya jiki?" abin da za ka ji shi ne, "Jam tan! Lafiya lau!" Ƙanin mahaifina ne, direban gireda, motar gyaran hanya, a ma'aikatar ayyuka, har ranar da giredar ta kife da shi, hannunsa na dama ya shanye. Aiki ya tsaya, ga yara reras a gida. Aka ce akwai haƙƙin waɗanda suka nakasa a bakin aiki, amma sai da takardar likita.

Ni na raka shi asibiti, lokacin ina sabuwar malamar firamare. Ya zuba babbar riga, hannun na ciki a ɓoye. Likita, ga layi har waje, ya ɗago kai ya ce, "Baba, yaya jiki?"

"Lafiya lau! Garau nake!"

Likita ya ɗan rubuta wani abu, ya ce na gaba ya shigo. A ofishin biyan haƙƙi aka karanta mana: mai wannan takarda ba ya kukan komai. Wayyo ni! Na ce, "Haba Bappa, me ya kawo mu?"

Ya ce, "Ke Dija, gaishe ni ya yi. A gaisuwa zan kai ƙarar Ubangiji?"

Da muka koma asibiti, tun daga bakin ƙofa ya ɗaga murya: "Likita, yau kar ka gaishe ni. Ga mai magana nan, ka gaishe shi." Ya yaye riga. Likita ya ɗaga hannun ya saki, ya faɗo yaraf. Mutumin nan har haƙuri ya ba mu, ya cika takarda fal, ya buga hatimi.

To, lokacin ba a daɗe da ba mu jiha ba, fayiloli rabi a Jalingo rabi a Yola. Muka miƙa takarda, damina ta wuce shiru. Akawun, wani Mista Bulus, ya ce, "Baba, fayil naka ya tafi Yola."

"Da ƙafarsa? Shi ya fi ni lafiya ke nan!"

Kun san Bappa da naci. Kullum da safe sai ya ɗauki tabarma da butarsa ya shimfiɗa a barandar ofishin, yana yi wa kowa sannu da zuwa, har baƙi suka ɗauka shi ne maigadi. Da babban jami'in ya gaji da tsallake shi, ya sa aka shigo da mu. Na miƙa kwafin da na ajiye. Ya ture ya ce, "Ba ma karɓar fotokwafi. A kawo orijinal."

Bappa ya sa hannun hagu ya ɗauko na dama, ya dire shi tim a kan teburin, har biro ya yi tsalle.

"Ranka ya daɗe, ga orijinal! Shi ma za a tura shi Yola ne?"

Mista Bulus ya fita da gudu yana toshe baki. Kafin la'asar an sa hannu.

Kun ɗauka ya huta? Ina! Sai ya tayar da maƙwabcinsa Baba Yohanna, tsohon maigadin da idonsa ya mutu, wanda ya riga ya haƙura da nasa haƙƙin. Yohanna ya ce, "Hammadu, bar ni, ban iya wahala." Bappa ya ce, "Tashi! Ni ido, kai hannu. In muka haɗu mun tashi mutum guda cikakke, wa zai kore mu?" Haka suka riƙa ratsa unguwar Turaki, ɗaya na ja, ɗaya na riƙe da jaka, suna musu a kan wa ke jan wani, har Yohanna ya samu takardarsa.

Ranar da aka fito da gawar Bappa, Baba Yohanna na zaune a ƙofar gida yana laluben sandarsa, yana cewa a kai shi maƙabarta, ya san hanya in an riƙe shi.

Allah ya jiƙan Bappa Hammadu, ya yafe masa, ya tashe shi da hannuwansa biyu lafiyayyu, ya sa ya karɓi littafinsa da na dama. Amin.