Wace Ce "An"?

Kafin kowa ya iso ɗakin gwaje-gwaje, Iya ta riga ta naɗe hannun riga tana wanke ciyawar teku a baho. Shekara ashirin da shida ke nan. Daga ciyawar ake tatso wani irin sukari da cikin mutum ba ya narkarwa, sai ƙwayoyin halittar da ke hanji su ci, su yi tsami mai amfani. A kwalabe masu ɗumi irin na cikin mutum ake gwajin, ita ke musu hidima, shi ya sa muke ce mata Uwar Kwalabe.

Wari kuwa, kai! Baƙo na shiga zai fito yana toshe hanci. Ita ko sai ta shinshina ta ce, "Wannan yau ba ta da lafiya." Mu yi ta dariya, na'ura ta zo ta gaskata ta.

Da ta tafi jinyar maigidanta wata biyu, ƙwayoyin da ke cikin kwalabe suka yi ta mutuwa, aikin shekara biyar ya kama hanyar rushewa. Tana dawowa ta tambayi Farfesa, shugaban binciken, "Ranka ya daɗe, sau nawa kuke wankewa?"

"Sau biyu, Iya, yadda takarda ta ce."

"Ayya! Ni uku nake yi. A na biyu gishiri bai gama fita ba, ɗanɗana ka ji."

Bincike ya tsira. Ita burinta ɗaya, ta ga sunanta a rahoto ta kai wa maigida, wanda kullum yake tsokanarta da mai wankin ciyawa.

Rahoto ya fito da sunaye tara, har da na wanda bai taɓa jiƙa hannu ba, amma babu nata. Ranar sallamarta Farfesa ya buɗe shafin aikinta ya karanta mata: "An wanke ciyawar sau uku."

Ta gyara tabarau, ta bi layin da yatsan da ruwan gishiri ya tsattsage.

"Ranka ya daɗe, wannan 'an' ɗin wace ce?"

Wallahi ba wanda ya iya ɗaga kai. Har yau kunyar ba ta sake mu ba.

Iya, ke ce. Ke ce kika wanke, ke ce kika ɗanɗana, mu muka sa hannu. Mun gode, ki yafe mana, Allah ya saka miki. Masu tasowa, ku yi aiki irin nata. Masu alƙalami kuma, duk inda za ku rubuta "an yi", ku tsaya ku tambayi wanda ya yi, tun bai cire rigar aiki ba.